Asalin Waƙar John Henry da Yadda Ta Rarrabu

A ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar waƙa wadda kusan kowa ya san ta, baƙi da fari, yaro da babba. Sunanta John Henry, watau sunan mutumin da a ke yi wa ita. Mutumin nan ba shi da sarauta, ba shi da dukiya, bai kuwa taɓa jan runduna zuwa yaƙi ba. Lebura ne baƙar fata, mai huda dutse a wajen aikin hanyar jirgin ƙasa. Abin da waƙar ta ce shi ne, ran nan shugaban aikinsu ya kawo wani sabon inji mai huda dutse da ƙarfin tururi. John Henry ya ƙi yarda a ce ƙarfe ya fi shi. Aka sa su tsere, shi da gudumarsa, inji da tururinsa. Ya tsere wa injin sarai, amma kafin a gama sowa sai ya faɗi, rai ya yi halinsa.

In an taƙaita, iyakar labarin ke nan. Amma fa in ka tara mawaƙa goma ka ce su rera maka ita, waƙa goma za ka ji. Wannan zai ce a jihar Virginia ta Yamma aka yi abin, wancan ya ce a Alabama ne, har a tsibirin Jamaika an sami masu cewa a wurinsu ya mutu. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Shekara ɗari ke nan masana suna bin sawun waƙar, suna so su gane ko an taɓa yin John Henry a duniya, in kuwa an yi shi, a ina ya yi aiki, me kuma ya kashe shi. Za mu bi su a hankali mu ga abin da suka tono.

Sai mu fara da zamanin da abin ya faru. Daga 1861 zuwa 1865 Amurkawa suka yi yaƙin basasa tsakanin Arewa da Kudu, bauta kuwa ita ce tushen rigimar. Da Arewa ta ci nasara aka 'yanta bayi wajen miliyan 4. Mutanen nan sun fita daga hannun iyayengijinsu ba gona, ba jari, sai ƙarfin damtse. A daidai wannan lokaci kamfanoni suka himmatu ga shimfiɗa hanyoyin jirgi. Ɗaya daga cikinsu shi ne kamfanin Chesapeake and Ohio, wanda wani attajiri, Collis Huntington, ya karɓi ragamarsa a 1869. Nufinsa ya haɗa birnin Richmond na jihar Virginia da Kogin Ohio. Tsakanin wuraren nan biyu kuwa akwai jerin duwatsu manya manya. Jirgin ƙasa ba ya hawan tudu mai tsayi, saboda haka inda ba a iya kewaye dutse sai a huda shi, a yi kogo mai ɓullewa ɗaya gefen, jirgi ya bi ta ciki.

Ga yadda a ke aikin a wancan zamani. Mutum biyu ke haɗuwa. Ɗaya ya durƙusa ya riƙe wata sandar ƙarfe mai kaifin baki, ya kafa ta jikin dutse. Ɗayan ya tsaya da guduma mai dogon ƙota ya yi ta dukan kan sandar. Bayan kowane bugu mai riƙo ya kan juya sandar kaɗan, ya girgiza ta, don garin dutse ya fito kada ta maƙale. Haka za su yi ta yi har rami ya yi zurfi, sa'an nan a ɗura masa albarushi ko nakiya, kowa ya gudu, a fasa. Wasu lebura su zo su kwashe ɓaraguzai, a sake komawa. Ka tuna duk wannan cikin duhu a ke yi, da 'yan fitilun mai masu hayaƙi, ga zafi, ga ƙura. Ka tuna kuma hannun mai riƙo yana nan dab da inda guduma ke sauka. In mai bugu ya kuskure sau ɗaya, abokinsa ya rabu da yatsunsa ke nan. John Henry mai bugu ne.

To, a nan waƙa ta shigo. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga mata suna lugude a turmi guda ya san amfanin waƙa ga aikin da a ke yi tare. Ita ke gaya wa kowa lokacin ɗagawa da lokacin saukewa. Lebura masu guduma suna da irin tasu. Su kan rera 'yan kalmomi, su tsaya, guduma ta sauka tare da nishi, su ci gaba. Waƙoƙin guduman nan ba su da sauri ko kaɗan, don mutumin da zai yini yana bugu ba ya gaggawa. Sunan John Henry yana fitowa cikinsu da yawa, amma abin mamaki, ba su faɗin labarin tseren. Abin da su ke ambata shi ne gudumarsa da aka bari yashe a gefen hanya, da cewa aikin nan shi ya ci ransa, da alkawarin da mai waƙa ke yi wa kansa cewa shi ba zai tsaya a kashe shi haka ba. A wasu ma mai waƙar sallama ya ke yi, yana aika wa shugaban aiki cewa ya ajiye kayansa ya kama hanya. Watau a bakin waɗanda suka san nauyin guduma, John Henry gargaɗi ne. Ma'anarsa, yi a hankali, kada ka bi sawun wancan.

Waƙa ta biyu dabam ta ke. Ita ce mai ba da labari baiti bayan baiti, ana kaɗa ta da sauri da jita, ko da gogen Turawa, ko da banjo. Banjo ɗin nan, in ba ka sani ba, ɗan'uwan molo da gurmi ne, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka kai irinsa Amurka. Wannan waƙa ta biyu ba ta aiki ba ce, ta dandali ce da hira, kuma ita ce ta game duniya. A cikinta John Henry gwarzo ne abin kirari. Ga waƙa biyu a kan mutum guda, ɗaya tana yabonsa, ɗaya tana cewa Allah ya kiyashe mu da irin ƙarshensa. Wanda ya ji ɗaya bai ji ɗayar ba, rabin zance ya ji.

Mu dubi mai ba da labarin, mu ga inda masu rera ta suka saɓa. Galibi su kan fara da John Henry yana jariri bisa cinyar uwarsa ko ubansa, yana faɗin abin da zai zama ajalinsa. Wasu su ce guduma ya ambata, wasu su ce sunan wani kogo ya kira, Big Bend, na hanyar Chesapeake and Ohio. Nauyin gudumar ya kan sauya. Mafi yawa laba 9 su ke cewa, watau wajen kilo 4, amma akwai masu cewa 10, da 12, da 20, har da masu ba shi guduma biyu, ɗaya a kowane hannu. Zurfin ramin da ya huda, abin da aka fi ji shi ne ƙafa 14, inji kuwa ƙafa 9. Matarsa a bakin yawancin mawaƙa sunanta Polly Ann, amma wasu su kan ce Julie Ann, wasu Lucy, wasu wani suna. Nan ta sa jar riga, can ta sa shuɗiya. A wasu bakunan ma, sa'ad da mijin ya kwanta ciwo ita ta ɗauki gudumar ta yi bugu kamar namiji. Mutuwar kanta ba a daidaita a kanta ba. Ko dai ya faɗi nan take a bakin aiki, ko ya koma gida yana kukan kansa na juyawa, ya kwanta, bai tashi ba.

Akwai wani baiti da ya cancanci a tsaya a kansa, don yana nuna yadda waƙa ke yin aro. A cikinsa ana tambayar matar wanda zai riƙa yi mata takalmi da safar hannu bayan mijin ya tafi, ita kuwa ta ba da amsa. Baitin nan ya girmi hanyar jirgi nesa ba kusa ba. Daga wata tsohuwar waƙa ta ƙasar Sikotilan ya fito, wadda ke ba da labarin wata mace da ta ɗauki ɗanta ta tafi neman masoyinta aka hana ta shiga gida. Wani malami na jami'ar Harvard, Francis James Child, wanda ya tattara tsofaffin waƙoƙin Ingila da Sikotilan guda 305 ya buga su tsakanin 1882 da 1898, ya sa ta a lamba ta 76. Turawan da suka ƙaura suka zauna cikin duwatsun nan na gabashin Amurka su suka zo da ita. Da aikin jirgi ya haɗa su da 'yantattun bayi a sansani guda, kowa ya ji ta wani, sai baitin matar Sikotilan ya tsallaka ya zauna a bakin matar lebura. Saboda haka in an ce waƙar John Henry ta baƙar fata ce, gaskiya ne, amma tun tana ƙarama ta sha nonon gida biyu.

Wani rikicin kuma na suna ne. A jihar Virginia ta Yamma an yi wani baƙar fata, John Hardy, wanda ya harbe mutum a wurin caca cikin wani sansanin masu haƙar kwal, aka rataye shi a garin Welch ran 19 ga Janairu, 1894. Shi ma an yi masa waƙa, ta kuwa yi suna. Da ya ke sunayen sun yi kama, jihar kuma ɗaya, sai mawaƙa suka riƙa cuɗanya su, a sa wa mai guduma sunan ɗan caca. Har wani masani, John Harrington Cox, ya rubuta a 1919 cewa mutum ɗaya ne, yana dogara ga wasiƙar wani tsohon Gwamnan jihar. Daga baya aka warware, aka gane kowa da kabarinsa.

A rubuce, farkon inda aka ga waƙar shi ne 1909, sa'ad da wata mace, Louise Rand Bascom, ta buga layi biyu kacal da ta ji a duwatsun jihar Carolina ta Arewa. A 1913 wani malami, E. C. Perrow, ya buga waɗansu guntaye, a 1915 kuma John Lomax ya buga doguwa mai ambaton kogon Big Bend. An kuma sami wata takarda guda mai baiti 12, irin wadda mawaƙa ke bugawa su sayar a kasuwa, da sunan wani W. T. Blankenship a ƙasanta, ba kwanan wata. Duk waɗannan sun zo ne bayan waƙar ta daɗe tana yawo a baki.

Mutum biyu ne suka fara ɗaukar abin da gaske, Guy Johnson na jami'ar Carolina ta Arewa, da Louis Chappell na jami'ar Virginia ta Yamma. Johnson ya sa cigiya a jaridun baƙar fata yana roƙon duk wanda ya san wani abu ya rubuto masa, wasiƙu kuwa suka yi ta zuwa daga jihohi dabam dabam. Ya buga littafinsa a 1929. Chappell ya buga nasa a 1933, a birnin Jena na ƙasar Jamus, ya kuma zargi Johnson da cin amfanin bincikensa ba tare da ya ambace shi ba. Malaman nan biyu ba sa ga maciji, amma ƙafarsu wuri guda ta kai su, watau ƙauyen Talcott, inda kogon Big Bend ya ke.

A nan Kogin Greenbrier ya yi wani babban lanƙwasa, ya kewaye dutse wajen mil 8. Maimakon a bi kogin sai aka huda dutsen, aka yi kogo mai tsawon mil ɗaya da rubu'i, daga 1870 zuwa 1872. Sa'ad da malaman suka je, shekara fiye da 50 ta wuce, amma akwai sauran dattawa da suka yi aikin suna samari. Wasu suka ce sun san John Henry, ƙato ne, gwanin bugu. Wasu suka ce ba su taɓa ganin inji a wurin ba. Wani dattijo guda ya gaya wa Johnson cewa shi da idonsa ya ga tseren, lokacin yana yaro mai kai wa ma'aikata ruwa da ƙarafa. In ji shi, wani wakilin masu sayar da injin ne ya kawo shi gwaji, injin ya yi ta maƙalewa cikin dutse, John Henry ya wuce shi. Ya ce mutane ba su ɗauki abin wani babban biki ba a ranar, kuma John Henry bai mutu nan take ba, ciwo ya yi daga baya. Chappell ya gamsu ƙwarai. Johnson ya karkata ga Big Bend, amma ya ce hujjar ba ta kai a yi rantsuwa a kanta ba. Babbar matsala ita ce, ba a sami takardar da ta nuna an yi aiki da injin tururi a kogon ba, injiniyoyin da aka tambaya kuwa sun ce da hannu aka huda shi.

Cikin wasiƙun da Johnson ya samu akwai uku da suka nuna Alabama, bai kuwa ba su nauyi ba, don ya duba taswira bai ga dutsen da su ke faɗi ba. Ɗaya daga cikin marubutan ya ce yana wurin aka yi, ran 20 ga Satumba, 1882, a wani dutse da ya rubuta sunansa Cruzee. Ya ce John Henry tsohon bawa ne daga jihar Mississippi, yana amsa sunan gidan ubangijinsa, Dabner. Wasiƙun nan suka kwanta shekara wajen 70, sai wani malamin kimiyyar haɗa magunguna na jami'ar Georgia, John Garst, ya sake duba su, ya buga abin da ya gano a 2002. Ya ce ai Cruzee ɗin nan Coosa ne, kunne ne ya juya shi. Gabas da birnin Birmingham akwai Dutsen Coosa da Dutsen Oak kusa da juna, an kuwa huda su duka biyu a 1887 da 1888 saboda hanyar jirgin Columbus and Western. Babban injiniyan aikin sunansa Kyaftin Frederick Dabney, mutumin Mississippi, daga gidan da suka mallaki bayi. Dabner da Dabney, ka ga ba nisa. Garst ya ce mai wasiƙar ya yi kuskuren shekara ne kurum, 1887 ya ke nufi. Mutanen wannan yanki kuwa suna da nasu labarin da suka gada, cewa a bakin kogon Dutsen Oak aka yi tseren.

Ana nan sai ga na uku. Wani malamin tarihi, Scott Reynolds Nelson, ya ɓullo wa zancen ta wata ƙofa. A waɗansu bakuna waƙar ta kan ƙare da cewa an kai gawar John Henry wani farin gida, an binne shi cikin rairayi, inda jiragen ƙasa ke wucewa. Mutane sun daɗe suna dariyar wannan baiti, suna zaton fadar Shugaban Ƙasa ta Washington a ke nufi, wadda ita ma Farin Gida a ke ce mata, ga shi kuwa ba rairayi ba hanyar jirgi a can. To, a 1992, sa'ad da a ke rushe tsohon gidan kurkukun jihar Virginia a Richmond, masu haƙa suka ci karo da ƙasusuwan mutane fiye da 200, an jera su cikin akwatuna da rairayi a tsakani, ba alama, ba suna. Nelson ya duba wani tsohon hoto na kurkukun, ya ga babban gini fari fat, ga kuma hanyar jirgi a gefensa.

Me ya kai lebura kurkuku? Dokar da ta hana bauta a 1865 ta bar wata kafa, ta ce an hana aikin tilas sai dai ga wanda aka hukunta saboda laifi. Jihohin Kudu suka shiga ta wannan kafa. Aka riƙa kama baƙar fata a kan ƙaramin abu, a yanke musu shekaru masu yawa, sa'an nan a ba da hayarsu ga 'yan kwangila. Kurkukun Virginia ya ba da hayar ɗaruruwan fursunoni ga masu aikin hanyar Chesapeake and Ohio, a kan rubu'in dala kowane mutum a yini. Sharaɗin kuwa shi ne a komo da kowane fursuna, da rai ko ba rai, in ba haka ba a biya tara. Abin da ya sa a ke aiko da gawa daga duwatsu har Richmond ke nan.

Cikin littafin rajistar kurkukun Nelson ya sami sunan John William Henry, fursuna mai lamba 497, ɗan shekara 19, haifaffen jihar New Jersey. An kama shi a 1866 bisa zargin sata a wani kanti, aka ɗaure shi shekara 10. A ƙarshen 1868 aka ba da hayarsa ga aikin jirgi. An sa fursunonin aiki a wani kogo da a ke kira Lewis, wajen mil 40 gabas da Big Bend, inda dutsen ke da taurin gaske. Rahotannin injiniyoyi sun nuna a nan an kawo injunan tururi, sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masu guduma, suka yi ta lalacewa, daga bisani aka janye su. Wajen 1873 sunan John William Henry ya ɓace daga lissafi, ba a rubuta an sake shi ba, ba a rubuta ya gudu ba. Nelson ya buga littafinsa a 2006. Wani abu da ya ba mutane mamaki shi ne tsawon mutumin. Ƙaton da waƙa ke yi wa kirari, bisa ga rajista ƙafa 5 ne da inci 1 da 'yan kai.

Garst bai yarda ba, yana kuwa da abin faɗi. Ya ce John Henry suna ne gama-gari tsakanin baƙar fata na wancan zamani, ba kuma takardar da ta ce wannan fursuna ya taɓa riƙe guduma, balle ya yi tsere da inji. Masu goyon Nelson su ma suka ce shaidar Alabama ta rataya ne ga wasiƙar mutumin da ya rubuta bayan shekara 40, wanda bai ma faɗi shekarar daidai ba. Mutanen Talcott kuwa suka ce duk a yi a gama, sunan kogonsu ne ke cikin waƙa.

A ganina kowane ɗayansu ya riƙe wani yanki na gaskiya, kuma neman a tsayar da mutum guda ya kan sa a manta da abin da ya fi girma. Big Bend yana da sunan, Alabama tana da mai cewa ya gani da rana da wata, Lewis yana da inji da fursuna da kabari. Ba abin da zai hana a ce an yi irin wannan gwaji fiye da sau ɗaya, gama masu sayar da inji suna bukatar su nuna kayansu, 'yan kwangila kuma suna so su san wanda ya fi araha, ƙarfe ko mutum. Lebura kuwa ba sa zama wuri ɗaya. In aiki ya ƙare nan su ɗauki waƙarsu su yi gaba, su sa mata sunan sabon dutse. Amma aikin Nelson ya fi sauran amfani ta fuska guda, ko da a ce fursunansa ba shi ne mutumin ba. Ya nuna baitin da a ke yi wa dariya yana iya zama shi ne ya riƙe abin da hukuma ba ta rubuta ba. Mutanen da aka jera cikin rairayin nan ba wanda ya kafa musu dutse.

Saura zancen abin da ya kashe shi. Waƙa ta ce zuciyarsa ce ta fashe don tsananin aiki. Likitoci sun san wani abu dabam da ke kashe masu huda dutse. In an huda dutse mai yashi, musamman da inji, ko an fasa shi da nakiya, wata ƙura mai laushi ta kan tashi wadda ido ba ya gani sosai. In ta shiga huhu ba ta fita. Huhun ya yi ta tauri, numfashi ya yi ta gajarta, har mutum ya kasa hawan 'yar matakala. Ciwon nan silikosis a ke ce masa. Inda ƙurar ta yi yawa ya kan kashe saurayi cikin shekara ɗaya ko biyu. Nelson yana ganin shi ya cinye yawancin fursunonin kogon Lewis. Ba a kuwa bukatar zato don a san ƙarfinsa. A 1930 aka soma huda wani kogo mai tsawon mil 3 a Hawks Nest, cikin wannan jiha ta Virginia ta Yamma, don jan ruwa zuwa injin lantarki. Yawancin masu aikin cikin ramin baƙar fata ne daga Kudu, aka sa su huda dutse a bushe ba abin rufe hanci. Da Majalisar Ƙasa ta bincika a 1936, lissafin da aka kawo mata na matattu 476 ne, wani likita da ya sake bin zancen daga baya ya ƙiyasta 764. Lokacin da a ke wannan, faifan John Henry yana ta juyawa cikin garmaho a gidajen mutane.

Gama tun 1924 waƙar ta shiga faifai. Wanda ya fara yin ta don sayarwa Bature ne mai goge daga jihar Georgia, Fiddlin' John Carson. A 1928 wani baƙar fata mai jita, Mississippi John Hurt, ya yi tasa, ya kuwa ɗauko ta ne daga waƙoƙin guduma, mai sanyi, ta mutumin da ya ajiye aiki ya nufi gida. Daga 1933 John Lomax da ɗansa Alan suka riƙa zagaya gidajen kurkukun Kudu da na'urar ɗaukar murya, suka tarar fursunoni suna rera ta har a lokacin. Bayan haka kowa ya ja John Henry wajensa. Ƙungiyoyin ma'aikata suka mai da shi alamar talaka mai ƙarfi. Masu wasan kwaikwayo na New York suka sa shahararren mawaƙin nan Paul Robeson ya fito a matsayinsa a 1940, wasan bai yi kasuwa ba, aka rufe cikin 'yan kwanaki. Masu rubuta littattafan yara suka ƙara masa tsawo da faɗi, suka cire kurkuku da ƙura. A 1996 gidan waya na Amurka ya buga hotonsa a kan sarki.

Mutanen Talcott sun kafa masa mutum-mutumi na tagulla a 1972, shekara 100 da gama kogon, ƙato mai faɗin ƙirji riƙe da guduma. Bayan shekara biyu kamfani ya daina bi da jirgi ta tsohon kogon, ya koma ga wani sabo da aka huda kusa da shi a farkon shekarun 1930. Da fari bisa dutsen aka ajiye mutum-mutumin, a gefen hanyar mota, inda 'yan iska suka yi ta harbinsa da bindiga suna shafa masa fenti. A 2012 aka sauko da shi, aka gyara, aka tsai da shi kusa da bakin tsohon kogon.